Shara a gwaje-gwajen kenel ɗin Linux: yadda aikin ke tafiya

Talata, 17 ga Satumba 2024

Shekaranjiya Lahadi aka saki Linux 6.11, to nace bari yau in fara abin da na daɗe ina cewa zan yi, wato bin foldar tools/testing/selftests ina tsince kod ɗin da ba wanda yake amfani da shi. Ga wanda bai saba da wurin ba, nan ne ake ajiye ƙananan shirye-shiryen da ke gwada kenel (zuciyar Linux da ke tsakanin manhajoji da na'ura) daga waje, su kira shi kamar yadda kowace manhaja za ta kira shi, su duba ko ya amsa daidai. Ana ce wa tsarin kselftest, Shuah Khan ce ke kula da shi, amma kusan kowace folda a ciki tana da masu ita daban, akwai mm na memori (da sunanta vm, a 6.3 aka canza), akwai net, bpf, kvm, timers, seccomp da sauransu birjik.

Abin da ya ja ni ciki shi ne duk sanda na gina gwaje-gwajen nan sai gargaɗin kompaila (manhajar da ke juya kod ya zama shirin da inji zai gudanar) ya cika min allo, har idan wani gargaɗi na gaske ya fito ba za ka gan shi ba don ya nutse cikin sauran. Ina ganin wannan ba ƙaramin abu bane, gwaji shi ne abin da ake dogara da shi a ce canji bai fasa komai ba, bai kamata a ce shi kansa ba a iya karanta abin da kompaila ke faɗa a kansa ba.

Yau dai shiri kawai nayi. Na jawo bishiyar Linus Torvalds, wato babbar ma'ajiyar kod ɗin kenel, nayi make headers, na tabbatar kompailolin nan biyu, gcc da clang, duk suna nan. Ba zan aika komai yanzu ba don sati biyun nan na farko bayan an saki kenel lokaci ne da masu kula suke ta tura kayansu wurin Linus, ba wanda zai tsaya duba faci (gyaran kod da ake aika wa masu kula) na share layi uku.

Asabar, 21 ga Satumba

Abu na farko da na koya: ba wani tsari ɗaya na gargaɗi da aka ɗora wa kowa. Kowace folda da Makefile ɗinta (fayil ɗin da ke faɗin yadda za a gina ta), wata ta sa -Wall mai kunna gargaɗi wata ba ta sa ba, yawancinsu dai suna jawo wani fayil na tarayya, lib.mk, a ƙarshe. Alhamdulillah lib.mk ɗin yana karɓar USERCFLAGS, saboda haka ba sai na taɓa Makefile ko ɗaya ba, kawai

make -C tools/testing/selftests TARGETS=timers USERCFLAGS="-Wall -Wextra"

in canza TARGETS in bi su ɗaya bayan ɗaya ina zuba abin da ya fito cikin fayil.

Da -Wextra kam ambaliya aka yi, kuma mafi yawa -Wunused-parameter ne, wato gargaɗi kan abin da aka miƙa wa fankshin (guntun kod mai aiki ɗaya) bai yi amfani da shi ba. Na zauna na karanta su sai naga kusan duk ba laifi bane. Fankshin da ke karɓar sigina dole ya karɓi lambar siginar ko zai duba ta ko ba zai duba ba, haka na pthread dole ya karɓi void *arg, haka main da argc ɗinsa in yana buƙatar argv, siffarsu ce haka ba kai ka zaɓa ba. Ko kselftest_harness.h ma da kansa yana liƙa __attribute__((unused)) a jikin irin waɗannan don kar a dame shi. Na yanke shawara wannan rukunin ba ruwana da shi, na kashe shi da -Wno-unused-parameter. Abin da ya rage shi ne bariyabul (wurin ajiye ƙima a kod) da aka ayyana ba a taɓa ba, bariyabul da aka zuba wa abu ba a karanta ba, da fankshin static (wanda fayil ɗinsa kaɗai ke iya kira) da ba mai kira.

Asabar, 28 ga Satumba

Na raba jerin gida uku a littafina: wanda na tabbata matacce ne, wanda ban gane ba, da wanda ya ban tsoro.

Na farkon suna da sauƙi, irin int i, j. Inda j ɗin tun wani gyara na shekarun baya aka cire madaukin da ke amfani da shi aka manta da shi a sama. Amma ko su ban yarda in share da ido kawai ba, kowanne sai nayi git log -S da sunan, ya nuna min komit ɗin (gyaran da aka adana a tarihin kod) da ya kawo shi da wanda ya daina amfani da shi. Yana cin lokaci sosai wlh, wani bariyabul ɗaya sai ya ci min minti ashirin, amma a nan ne kake gane ko mai gyaran da gangan ya bar shi ko mantuwa ce.

Sannan na ƙirƙiro wa kaina hanyar tabbatarwa: in gina kafin gyara, in gina bayan gyara, in yi objdump -d, mai nuna umarnin injin da aka samar, a duka biyun in kwatanta. Idan da gaske matacce ne, da -O2 (zaɓin da ke sa kompaila ya inganta kod) bai kamata umarni ko ɗaya ya canza ba. Karon farko da na gwada sai naga bambanci a ko'ina, gabana ya faɗi, na ɗauka na fasa wani abu. Ashe ASSERT_EQ da EXPECT_EQ da 'yan uwansu suna cusa __LINE__ a ciki don in gwaji ya faɗi su gaya maka a wane layi ne, to ka cire layi ɗaya a sama duk lambobin ƙasa sun ja baya da ɗaya. Yanzu idan zan kwatanta sai in bar layin babu komai a wurin na ɗan lokaci, in na gama sai in cire shi.

Laraba, 2 ga Oktoba

6.12-rc1, fitowar gwaji ta farko ta 6.12, ya fito ranar Lahadi, na koma kansa. Akwai sabuwar folda ta sched_ext da ta shigo wannan zagayen, ban taɓa ta ba, masu ita suna kan aiki a ciki.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Yau na ci karo da abin da ya canza min yadda nake kallon aikin gaba ɗaya, don haka bari in tsaya a kansa.

Wani gwaji ne da yake rubuta wata ƙima cikin wani fayil na saiti kafin ya fara, siffarsa kamar haka: ret = write(fd, buf, len); shikenan, daga nan har ƙarshen fankshin ba a ƙara waiwayar ret ba. gcc ya ce an zuba ba a karanta ba. A jerina na sa shi a gidan farko, hannuna har ya kai zan goge ret ɗin in bar write shi kaɗai. Sai na tsaya na tambayi kaina, to idan rubutun bai shiga ba fa? Na gudanar da gwajin ba a matsayin root (mai cikakken izini a inji) ba, buɗe fayil ɗin ma ya ƙi balle rubutu, saitin bai canza ba, gwajin ya ci gaba abinsa ya gwada abin da ba shi aka nufa ba, ya buga ok a ƙarshe. Wato duk wanda ya gudanar da shi haka ya tafi da tabbacin ƙarya.

Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya rubuta ret = ɗin nan yana da niyyar ya duba, wani abu ya ɗauke masa hankali ko aka sake tsara fankshin layin dubawar ya faɗi a hanya, kuma gargaɗin nan shi kaɗai ne shaidar da ta rage cewa akwai rami a wurin. Da na goge, allo zai yi tsaf, ramin kuma ya rufu da ganye har abada. A manhaja ta yau da kullum bariyabul maras amfani yawanci datti ne kawai, amma a gwaji aikin gaba ɗaya shi ne a karɓi amsa a duba ta, to amsar da aka karɓa ba a duba ba ai gwajin ne ba a ƙarasa ba.

Gyaran da ya dace shi ne a duba ret ɗin, in matsalar rashin izini ce a fita da ksft_exit_skip wanda ke mayar da lamba 4, don a tsarin nan 0 shi ne ya ci, 1 ya faɗi, 4 an tsallake. An tsallake magana ce ta gaskiya, tana gaya wa mai gudanarwa cewa ban gwada komai ba ka sake shiri. Wannan ba shara bane kuma, gyaran kuskure ne, zai tafi a facinsa daban.

Na koma gidan farko na sake bin duk wanda aka zuba ba a karanta ba, ɗaya bayan ɗaya, na mayar da da yawa gidan na uku.

Wani abu da ya danganci wannan: naga wurare da mutane suka sa (void) gaban write don su rufe wa kompaila baki, amma gcc ba ya yin shiru da wannan idan fankshin yana ɗauke da warn_unused_result, shi ya sa wasu suke ƙirƙiro ret ɗin da ba za su karanta ba, sai gargaɗi ɗaya ya haifi wani. Duk hanyar kaucewa ce, dubawar layi biyu ce kawai.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na biyu mai ban tsoro, shi ma ya fi na makon jiya zurfi.

Gwajin da ya shafi memori ne. An yi mmap, wato an roƙi kenel wani yanki na memori wanda yake bayarwa shafi-shafi, sai wani layi char c = *p; sannan aka wuce aka duba ko shafin ya shigo memori. c ɗin ba a amfani da shi, gaskiya ne, amma ba c ake nema ba, taɓa shafin ake nema. Linux ba ya ba ka shafi na gaske lokacin da kayi mmap, alkawari kawai yake yi, sai ranar da ka taɓa wurin firosesa ta tsaya ta kira kenel sannan ya kawo shafin. Wannan layin da kompaila ke kira maras amfani shi ne ainihin abin da ke tayar da abin da ake son gwadawa.

Sai na gina shi iri biyu na duba da objdump. Ba tare da an ce a inganta ba umarnin karantawar yana nan. Da -O2 babu shi, kompaila ya ga ba mai buƙatar c ya jefar da karatun gaba ɗaya, kuma yana da haƙƙin yin haka don ba volatile a wurin, wato alamar da ke hana kompaila jefar da karatu. Ma'ana gwajin yana aiki ne kawai muddin ba wanda ya ƙara -O2 a Makefile ɗin ko a layin umarni, ranar da wani ya ƙara da kyakkyawar niyya gwajin zai fara faɗuwa ko ya daina gwada komai, a tafi ana neman laifin a cikin kenel alhali yana nan cikin layi ɗaya. Na canza shi ya zama karatu ta hanyar (volatile char *) na sa ɗan bayani a sama cewa da gangan ne ake taɓa shafin, don wanda zai zo bayana da irin tsintsiyata kar ya share.

Na daɗe ina kallon wannan layin bayan na gama. Irin sa ne yasa nake ganin bai dace a ba wa wani sikirif aikin nan ya bi ya goge duk abin da aka yi gargaɗi a kai ba, sai an karanta.

Asabar, 19 ga Oktoba

Yau ranar wasu injina ce. Firosesar laftof ɗina nau'in x86 ce, kuma abin da kompaila bai ga mai kira ba a nan yana iya samun mai kira a arm64 ko powerpc ko s390 ko riscv, don gwaje-gwajen cike suke da #if defined(__aarch64__) da makamantansu, wato sassan da ake ginawa a wani nau'in inji kawai. Akwai fankshin static ɗaya da na riga na share a reshena tun makon farko, na gina da ARCH=arm64 CROSS_COMPILE=aarch64-linux-gnu- sai ginin ya fashe nan take, ashe can ƙasa cikin wani #ifdef ake kiransa. Garin neman gira za a rasa ido. Na dawo da shi, na matsar da shi cikin #ifdef ɗin da ke amfani da shi, gargaɗi ya tafi a x86 gini kuma ya tsaya a arm64. Daga yau kowane faci sai ya wuce x86 da arm64, da gcc da clang (LLVM=1), kafin in ce na gama da shi, kuma git grep kafin komai.

clang da gcc ma ba bakinsu ɗaya ba. static inline da ba mai kira a cikin fayil .c, gcc shiru yake yi, clang kuma sai ya faɗa. Fankshin da ba static ba kuwa duk cikinsu ba mai magana don suna ɗauka wani fayil zai kira shi. Don kama irin waɗannan na gina da -ffunction-sections na ba linka (mai haɗa guntayen shiri wuri ɗaya) --gc-sections da --print-gc-sections, sai ya riƙa lissafo min duk sashen da ya jefar don ba hanyar da ta kai gare shi. Ya yi amfani sosai, sai dai a foldar da shirye-shirye da yawa suke raba fayil ɗin taimako ɗaya, abin da wannan ya jefar wancan yana amfani da shi, dole sai ka haɗa jerin duka ka ga wanda kowa ya jefar.

Maganar #include da ba a buƙata kuma na bar ta gaba ɗaya. Ka cire heda (fayil ɗin da #include ke jawowa) a injinka ya ginu don wata heda ta laburaren C na glibc ta jawo ta a kaikaice, wanda ke kan musl ko bionic na Android ko tsohuwar glibc shi ginin zai fashe wa, ni kuma ba ni da duk waɗannan a hannu. Haka su #ifndef da ke ayyana lambar kiran kenel (syscall) idan hedar injin ba ta san ta ba, a sabon inji kamar ba su da aiki amma don tsofaffi aka sa su, kuma takardar kselftest ɗin ta faɗa cewa ana gudanar da gwaje-gwajen sabon kenel a kan tsofaffin kenel masu ɗorewa. A bar kaza cikin gashinta.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Sati biyu ban rubuta komai ba. Tun wajen 21 ga watan jiya wuta ta ɗauke a kusan duk arewa fiye da mako guda, cajin waya ma sai an bi layi a shago balle a ce za a kunna laftof a gina kenel. Abin da na iya yi shi ne rubuta saƙonnin komit a takarda da biro, kuma gaskiya ya taimaka, don sai da na zo rubuta dalilin kowane faci da hannu naga akwai biyu da ba ni da wani dalili a kansu sai cewa kompaila ne ya faɗa. Na cire su daga jerin har sai na koma na karanta tarihinsu.

Yau wuta ta samu na gudanar da gwaje-gwajen da na taɓa a cikin injin kwaikwayo na QEMU ta hanyar virtme-ng, kafin gyara da bayan gyara, na ajiye sakamakon TAP (jerin layukan ok da not ok) na kowanne na kwatanta layi da layi. Na shara zalla duk iri ɗaya suka fito, yawan gwaji bai ragu ba, wannan nake fi dubawa don lambar da ksft_set_plan ya faɗa dole ta yi daidai da layukan ok da not ok da suka biyo baya. Na ret ɗin nan kuma yanzu yana cewa an tsallake idan ba root ba, yana cin gwajin idan root ne.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na aika. Kowace folda da facinta don ba wuri ɗaya suke zuwa ba, scripts/get_maintainer.pl ne ke gaya maka masu ita, na mm ta bishiyar Andrew Morton suke bi, na net da bpf da kvm kowanne da tasa, sauran kuma ta wurin Shuah Khan. Na bi da scripts/checkpatch.pl, na sa Signed-off-by, gyare-gyaren kuskure guda biyun na sa musu layin Fixes da haruffa 12 na farkon lambar komit ɗin da ya kawo matsalar. Na shara zalla ban sa musu Fixes ba, don layin nan yana iya sa a ɗauki faci a kai tsofaffin kenel, kuma ba dalilin wahalar da masu kula da su a kan bariyabul j.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Amsa ta fara zuwa. Wani mai dubawa ya nemi in faɗa a cikin saƙon komit wane komit ne ya daina amfani da fankshin da na share, da kuma injinan da na gina a kansu. Ina da amsar duka a littafina, ban dai sa a saƙon ba don na ɗauka zai yi tsawo, amma yana da gaskiya, shi da zai karɓa bai zauna da ni lokacin da nake git log -S ba, in ban rubuta ba sai ya sake aikin da kansa ko ya yarda da ni a makance. Na gyara na aika v2, bayanin abin da ya canza na sa shi ƙasan layin --- don kar ya shiga tarihi.

A kan na volatile ɗin kuma wani ya ba da shawarar a duba ko akwai irin wannan karatun a sauran fayilolin foldar, in akwai a yi musu makro ɗaya maimakon kowa ya rubuta nasa. Na ji daɗin wannan, irin abin da aka yi wa ARRAY_SIZE ne a 5.17 da aka tattara shi cikin kselftest.h aka cire kwafe-kwafen da ke warwatse. Zan yi amma a jeri na daban, kar in cakuɗa da gyaran da ke jiran shiga.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Jiya aka saki 6.12, ƙofar tura wa Linus kayan 6.13 ta buɗe, saboda haka sati biyu masu zuwa ba aikawa sai karatu. Wasu daga cikin facina an ɗauka, wasu ba a ce komai ba tukuna, zan jira rc1 ya fito in sake ɗora su a kansa in tura.

Kafin nan akwai wani nau'in da ban taɓa ba wanda kompaila ba zai taɓa gani ba, wato fayil .c ko .sh da ke zaune a folda amma sunansa ba ya cikin TEST_GEN_PROGS ko TEST_PROGS, ba a gina shi ba a gudanar da shi, da kuma sunaye a .gitignore na shirye-shiryen da aka daɗe da cirewa. Na rubuta ɗan sikirif da ke kwatanta abin da ke cikin folda da abin da Makefile ya ambata, ya fito min da jeri, amma da yawa a ciki fayilolin taimako ne da ake jawowa ta wildcard ko wani gwajin ke kira daga ciki, sai na tace da hannu. Akwai guda ɗaya da na duba da yamman nan wanda ga dukkan alamu cikakken gwaji ne da aka rubuta aka manta ba a sa shi a Makefile ba. Gobe in sha Allahu zan gina shi da hannu in gudanar a kan 6.12 in ga ko har yanzu yana ci.